Kitson Ni'imatu a Kan Baƙuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inna Dada, uwar wanga taro, Allah shi ƙara girma. Ɗanmaliki, wakilin Sarkin Kasuwar Tambuwal. Malam Bube, Allah shi gafarta Malam. 'Yan'uwana masu kitso na Tambuwal da Jabo da Kebbe. Uwaye da ɗiya da kunka baro daka kunka zo, ina gaishe ku baki ɗaya. Ni ta Atu mai kitso daga Kebbe. Na gode da anka ba ni fili. Kun san ni da yawan magana, amma yau tsoro ya rage min baki.

Na farko, gyaran kai. Tun da yaƙin Nasara yas sa sabulu da mai sunka yi wuya, kawunan mata sun bushe, gashi na karyewa, goshi na ja baya. Maganin wanga ba ga kanti shike ba. A wanke da karkashi, a shafa man shanu ko man kaɗe tun daga tushe, a tsefe da tsinke a hankali kafin matsefi shi shiga, a bar jan kitso har fata ta yi ƙuraje. Haƙuri kai ka so, mu ko gaggawa muka so.

Na biyu, shi na abin da yak kawo ni. Akwai wata baƙuwa da ka bin kasuwanni da man gashi cikin gwangwani, mai ƙamshin gaske. Ba ta saidawa, musaya taka yi: ki ba ta gashin da yaz zube miki wurin tsifa, ta ba ki mai. Uwayenmu sun hore mu da turbuɗe gashinmu cikin ƙasa, mu ko munka ɗauka tsohon yayi na.

Ɗiyata Ni'imatu ta yi musayar ban sani ba. Gashinta yay yi baƙi, yay yi sheƙi, har ni niy yaba. Niy yi mata shuku, nik karkata layi guda bayan kunnen hagu don in kauce ma tabon ƙunar da taj ji tana rarrafe. Ba kan da nika yi ma wanga layi sai nata. Ba a jima ba kitson yaf fara saki daga tushe, layi bayan layi, ba ciwo, ba jini. Yanzu kanta sumul, tana kwance, ba ta cin abinci, kullum tana cewa ana taɓa mata kai.

Ran kasuwar nan da taw wuce nig ga baƙuwar wajen masu ƙwarya, kallabinta ya zame. Shuku na. Kitson hannuna na. Layin ya karkata bayan kunnen hagu, kuma wallahi, jama'a, har tabon na nan. Tad dube ni tac ce, "Inna, ya yi tsauri, sassauta min." Abin da Ni'imatu tac ce min ke nan ranar kitson, muna zaune mu biyu cikin gida. Jakkai sunka gitta tsakaninmu, ban ƙara ganin ta ba.

Na ukku, roƙo na. Kada wadda ta ƙara ba da ko sili guda. Mai gwangwani a ɗaka ta kai shi ga Malam. Ɗanmaliki, a tsare mana bakin kasuwa. Ni gashin ɗiyata nika so a mai da min in turbuɗe da hannuna, ko Allah shi sa ta tashi.

Sannan ina roƙon maza su juya mana baya, kowace mace ta kwance kallabi, ta diba bayan kunnen wadda ag gabanta. Ku yi min haƙuri. Tun da nit tashi tsaye nika jin ƙamshin man nan, kuma kusa shike.

Allah shi tsare mu, shi tsare ɗiyanmu, shi ba marar lafiya lafiya. Allah shi mai da kowa gida da abin da yaz zo da shi, nashi na kanshi.

Na gode.