Man da Ya Zama Ruwa

Saniyarmu ta ƙarshe na sayar a kasuwar Gummi, da kuɗinta na shiga motar Abuja. Sauran shanun ɓarayi sun riga sun kore su. Ke Rabi, aje tsinkar zogalen nan ki matso, ai ke ce kullum bakinki Abuja, Abuja.

Lokacin ɗiyata Hassi na da shekara uku, ta yi ƙyanda ta tashi kamar tsinke. Malamar asibiti ta ce a riƙa ba ta abinci mai maiƙo. Inna ta ce, "Hajo, bar saniyar ga, man da take ba mu ya ishi yarinya." Ni da taurin kaina na ce, "Inna, birni akwai abin da ya hi wannan." Na bar mata Hassi na tahi.

Gidan wata Hajiya na samu wanke-wanke. Wai dayat take yi. Dayat fa, wato mutum da kuɗinai ya zauna da yunwa! Ran da ta ga kwalbar soyayyen man shanun da Inna ta cusa min a kaya, sai ka ce ta ga maciji.

"Wa ya shigo min da wannan abin cikin kicin? Kitse ne zalla, kwalastara zai toshe min jijiya!"

"Hajiya, da shi anka rene ni."

"Fita da shi, ƙarni yake."

Nata man yana firiji cikin 'yar roba, ga tsada. Na ce a raina, abin da mai kuɗi ke ci ai dole ya hi namu ƙarhi. Duk wata in anka biya ni, sai in sayi roba biyu in ba direba ya kai ma Inna. Wata huɗu ina haka, har da alfahari, wallahi.

Rannan Baba Audu, kukun gidan, ya gan ni ina ɗaure su.

"'Yata, wa kike aika wa wannan?"

"Ɗiyata, Baba. Ta rame, so nake ta yi jiki."

Ya aje wuƙa, ya ɗora kasko biyu, ya ce in ɗauko kwalbata. Nawa ya narke ya kwanta, ƙamshi ya cika kicin. Na Hajiya ya yi ta tartsatsi yana tururi, ɗan abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

"Kin gani? Naku kusan dukansa mai ne. Wannan an rage man an cika da ruwa. Don masu son ramewa aka yi shi."

Don masu son ramewa! Nan na zauna ƙasa ina kuka. Da sahe na kama hanya, ko sallama ban yi ma Hajiya ba.

Na iske Hassi kwance, wuyanta bai iya ɗaukar kanta. Inna ta ce tun robar farko da ta soya don ajiya ta ga ruwa ne, amma ta kasa aiko min, wai kar ta karya min zuciya ina can ina wahala.

Na dama kunu na zuba man kwalbata. Ta kurɓa, ta lashe baki, ta ce, "Ƙara." Na ƙara, ta kasa haɗiyewa. Ran Juma'a munka rufe ta.

Liman ya ce kwananta ne ya ƙare, na yarda. Amma Rabi, har yau in ana soya man shanu a gidan ga, bayan gari nake tahiya in zauna sai ƙamshin ya wuce.