Gilashin da Za a Fasa a Samaru

A cikin keke napep a Tudun Wada, Tayyiba ta ƙanƙame kwali, wata dattijuwa a gefenta.

"Malam direba, bi ramukan nan a hankali, kar ya fashe!"

"Ƙwai ne, 'yar nan?" in ji dattijuwar.

"Gilashi ne, Inna, na binciken digirina. An haska masa radiyeshan, ya kwana cikin iskar haidurojin. Samaru zan kai shi in fasa, in auna ko ƙwarinsa ya ragu."

"Ikon Allah! Abin da za ki fasa kike lallaɓawa haka?"

"Inna, in keke ya riga ni fasa shi, ba digiri."

Dattijuwar ta kwashe da dariya.

"Miƙo shi nan, cinyata ta fi taki tsoka. Kai direba, sassauta! Digiri muka ɗauko."