Jan Zane a Tashar Jirgi

"Wa ya ce maka ja ne?"

A bakin kasuwar Kafanchan na ji su, wata dattijuwa da saurayin da ke sayar da tsofaffin hotuna da aka sa wa kala.

"Mama, kwamfuta ce ta zaɓa. Ni suna kawai na sa wa hoton, Amarya Tana Jiran Ango."

"Amarya? Yesu! Wannan uwata ce, Yemima. Baƙin zane ta ɗaura. Gawar babana take jira a tashar jirgi. Ka ga yarinyar da ta riƙe mata zane? Ni ce."

"Wayyo Allah! Mama, shi mutane suka fi saya, suna kai wa sababbin aure!"

"Sababbin aure?"

"Ki yafe mini. Yanzu zan sauke shi, in mayar da zanen baƙi."

"Tsaya tukuna. Ɗaga shi in gani." Ta daɗe tana kallo. "Tun daga ranar har ta mutu, ba ta sake ɗaura mai kala ba. Ashe haka ja yake yi mata kyau?"

"To, Mama, yaya zan yi?"

"Cire wannan sunan, ɗana, amma kada ka taɓa zanen. Naɗe mini. A falo zan rataye ta."