Tirelar Alhaji Mumuni Ba Ta Wuce Kintampo

Tunkiyar Inna ce ta kai ni Ankara. Ankara ta Gana nake nufi, kai Sani, ba wadda kake gani a waya ba. Aka sayar da ita ran kasuwa, Inna ta ƙulle kuɗin a bakin zane ta miƙo mini ba ta ko dube ni ba, na hau saman buhunan albasa daga Galmi. Da na sauka, har hawayena warin albasa yake.

Na yi dako, na yi bola-jari a Old Fadama, na yi gadin shago. Ku bar wannan, labarin wata rana ne. A shekarata ta bakwai wani mai shayi ya haɗa ni da wani gida a Nima, ana neman mai jinyar tsoho. Sunansa Alhaji Mumuni, tsohon direban tirela, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Aikina in ɗaga shi, in yi masa wanka, in juya shi. Matarsa Hajiya Fati kuwa, Allah ya yi ta da baki. Hausarsu ta can ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Ranar farko ta ce mini, "Rukayya ya kira daga abrod." Na yi wata guda ina tsammanin Rukayya ƙato ne mai gemu, ashe 'yarsu ce mai aikin asibiti a Turai.

Ita Rukayyar ce ta aiko wa mahaifinta kwamfuta, wadda Hajiya ke kira laftof, da wasan tuƙa tirela a ciki. Ba irin naku na harbe-harbe ba. A ɗora maka kaya, ka kama hanya, ka yi ta tafiya har ka sauke. Hannun Alhaji ɗaya ne ke aiki, shi ke riƙe sitiyari, ni kuma in zauna gefen gado ina danna giya da birki. Haka na zama karen mota da gemuna.

Titunan cikin wasan na ƙasar Turawa ne, amma Alhaji bai taɓa yarda ba. Bayan azahar, zafi ya kwantar da unguwa, labule na motsi a hankali, hayaƙin turaren wuta na yawo a ɗakin, sai ya fara kiran garuruwa ƙasa-ƙasa. "Nsawam ke nan, Illa, ka ji ƙamshin burodi? Ga dutsen Nkawkaw. Kumasi, rage wuta, akwai 'yan sanda." Wallahi tun ina dariya a ciki har na fara jin ƙamshin burodin. Wani lokaci in ɗago kai in rasa ko a Nima nake ko a gidan gaba na mota, iska na dukan fuskata.

Sai mu taho wata doguwar gada, ya ce, "Kintampo." Nan za ka ji laftof ta fara huci, hoton ya dinga tsayawa, ƙasanta ya yi zafin da za ka soya ƙwai. Ɗif, ta mutu. Kullum a nan.

Hajiya ce ta faɗa mini dalilin da ya sa yake juya fuska bango in hakan ta faru. Tafiyarsa ta ƙarshe, ya ɗauko gishiri zai kai Bawku, ciwon ya buge shi a Kintampo. Wani direban ne ya ƙarasa da motar. Mutumin da bai taɓa barin kayan mutane a hanya ba, aka sauko da shi a hannu.

Ran nan laftof ta sake mutuwa, ya ce, "Bar shi, Illa. Allah bai rubuta in wuce Kintampo ba." Daga ranar ya rage cin abinci. Ko wakye aka kawo, wato shinkafa da wakensu, cokali biyu ya ture. Na ji tausayinsa ƙwarai, kuma na ji haushi. Ƙarfe da roba su kashe mini mutum?

Hajiya ta fara nata maganin. Ta kwaso fiya wata mai sanyi za ta jera a kan laftof.

"Hajiya, ruwa da wuta!"

"To kai ka san shi? A ƙauyenku akwai laftof?"

"Babu, amma akwai injin ban-ruwa, shi ma in ya rasa iska mutuwa yake."

Na juya ta na ga 'yan ƙofofin iska a ƙasa. Kun san a kan me take zama? Matashin karan-miski, mai laushi, wanda Hajiya ta ɗinka mata musamman don kyautar Rukayya ce, ba ta zama a kan katako. Na zare matashin, na kawo tire, na ɗora ta a kan murafan kwalba huɗu. Hajiya ta ce na wulakanta 'yarta. Ranar muka haye gadar, Alhaji ya fara salati, ina ta fifita da mafici. Ba mu yi nisa ba ta sake ɗaukewa. Ya ce, "Har yanzu ƙasar Kintampo ne." Can sai direban cikinsa ya farka. "Wannan ba ƙaddara ba ne, Illa. Lagireto ne ya toshe. Kai shi gareji."

Na naɗe ta a tawul na hau turotoro, ƙaramar bas ɗin hayarsu, zuwa Sakul, inda masu gyara suke. Aka nuna mini wata mata, Sista Akos, a rumfar da ba ta fi tabarma ba. Ta kwance bayan, ta leƙa, ta kai hanci, ta fashe da dariya.

"Masta, daga Zongo ka fito?"

"Wa ya faɗa miki?"

Ta nuna mini fankar ciki. Ƙura ta haɗu da wani baƙin danƙo ta liƙe fukafukan, sai ƙamshin turaren Hajiya ke tashi. Kullum laftof na shaƙar hayaƙin nan tare da mu. Ta wanke fankar da buroshi, ta kankare wani busasshen farin mai a kan zuciyar injin ta shafa sabo, ta ce shi ke kai zafi waje. Sannan ta shiga cikin wasan ta rage adon hoto, don kada injin ya wahala. Ta ce ban da katifa, ban da hayaƙi.

Faɗa wa Hajiya wannan ya fi dako wuya.

"Turarena ne ya kashe laftof? Kai Illa, ka ji tsoron Allah!"

"Mai gyara ce ta faɗa."

Sai ta sassauta murya. "Ba na so baƙo ya shigo ya ji warin ciwo a ɗakin mijina." Gaskiyarta ce. Muka shirya a kan ta yi turarenta da safe laftof na cikin jaka, da rana kuma a buɗe taga.

Washegari bayan azahar muka ɗauki kaya. Nsawam, Nkawkaw, Kumasi. Muka hango gadar. Na kasa kunne, fanka na juyawa da siririn sauti. Muka haye. Muka yi ta tafiya. Saboda adon da aka rage, itatuwan gefen hanya sun yi ƙaranci, inuwa ta ɓace, fili ya buɗe fetal. Na ji tsoron zai yi faɗa. Sai na ga yana murmushi da rabin bakinsa mai motsi.

"Ka gani? Arewa ke nan. Daga nan itace yake raguwa. Ga Tamale can."

Hajiya ta zo bakin ƙofa da ludayi a hannu, ba ta koma ba. Muka wuce Bolga. Aka kira la'asar a masallacin layinmu daidai lokacin da ya karya kan mota ya shiga wani fili, ya ce Bawku ne. Ya gyara tsayuwa sau biyu, don ba ya son karkatacciyar mota. Ya ce, "Ja birki." Na ja. Ya daɗe yana kallon gilashin, hawaye na bin kuncinsa, ni ma nawa suka zubo. Sannan ya rufe laftof da kansa, ya ce Hajiya ta kawo tuwo. Ya cinye tas.

Yana wanke hannu ya dube ni. "Illa, yaushe rabonka da gida?"

"Shekara bakwai, Alhaji."

"Direba ya sauke kaya, me karen mota yake jira? Hajiya zai samo wani mai jinya. Jumma'a akwai motar albasa mai komawa, na san direban."

Na yi fushi, ba zan ɓoye muku ba. Na gyara masa mota ya sallame ni! Na yi kwana biyu ba na yi masa magana sai ta aiki. Bai janye ba.

Na iso garin nan da jaka ɗaya da rabin buhun garin rogo. Na tarar da Inna a zaure tana tsinke zogale, ta tsufa fiye da yadda na bar ta a raina. Ta dube ni sama da ƙasa, ba ta tambayi abin da na kawo ba. Ta ce, "Wa ya tuna maka hanya?"

Na ce, "Wani direba ne, Inna, da ba ya iya tashi daga gado."