Hular da Ta Juyo Baya

Ɗayyabu na jiran Keke Napep a bakin titin Malali, rungume da wani faffaɗan faifai mai wayar lantarki. Wani dattijo da ke gefensa ya ƙura wa abin ido.

"Samari, murhu ne wannan?"

"A'a Alhaji, na ɗaukar hoto ne. In ka ɗora kaya yana juyawa, kyamara na ɗauka, mai saye ya ga kowane gefe a wayarsa. Ɗaki guda na gyara masa, har da fitilu da farin labule. Yanzu sayarwa zan kai shi."

"Bai yi aiki ba ne?"

"Aikin ne ya yi yawa. Hular wani tsoho na fara ɗorawa, ɗinkin hannu. Ta gaba ba makusa, amma da ta juyo baya, zaren duk ya karkace. Ban lura ba na watsa, mutane suka yi ta dariya."

"Kai ma dai! Ai mai hula shi ke zaɓar gefen da zai nuna. Idonsa ne ya raunana. Allah ya sa bai gani ba."

Ɗayyabu ya gyara riƙon faifan.

"Ni na nuna masa, ina murna. Sau uku ya kalli zagayowarta. Mahaifina ne, Alhaji, shekara arba'in da allurar nan yake ciyar da mu. Tun ranar bai sake ɗaukarta ba."