Ba Wanda Ya Tsaya A Bayan Sirajo

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya bambanta harsunanmu kuma yake jin kukan kowannenmu ba tare da tafinta ba. Tsira da amincinsa su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa.

Shugaban wannan taro, Alhaji Munzali Tamba, Allah ya ƙara girma. Wakilan iyayenmu hakimai, ranku ya daɗe. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Shugabannin Ƙungiyar Iyayen Ɗalibai ta Kwarin Rima. Iyaye mata da kuka cika bayan zauren nan tun da hantsi. Manoman Ambursa da kuka bar wa tsuntsaye shinkafarku kuka zo. 'Yan uwana mutanen Argungu, da masu masaukinmu mutanen Birnin Kebbi. Sai ku 'ya'yanmu da ke jere a gaba, waɗanda muka taru domin mu yi muku ban kwana kafin ku tafi karatu ƙasashen waje: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga ƙungiya da ta ba ni wannan dama. Shugaba ya ce minti goma gare ni. Tun muna firamare ya san ni, ya kuma san ban taɓa gama magana cikin minti goma ba, don haka laifin nasa ne.

Sunana Abdussamadu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin jinya a ƙananan asibitocin ƙasar Argungu kafin in ajiye aiki. Ban taɓa zama wata ƙasa ba. Iyakar yawona Dosso da ke ƙetaren iyaka, can ma kwana biyu na yi. Abin da ya tsayar da ni gabanku yau shi ne ina da ɗa a ƙasar Turkiyya, kuma a cikin ƙasarta yake kwance.

Kafin in ba ku labarinsa, bari in tuna muku wani abu da kowa a nan ya sani. Mutumin ƙasarmu ba ya zuwa asibiti shi kaɗai, kuma ba shi ke faɗin ciwonsa ba. Na tuna wani masunci, Arzika, da aka kawo mini ƙafarsa ta kumbura har ta ƙi shiga wando, zufa na zuba masa. Na ce, Arzika, yaya jiki? Ya ce da sauƙi. Sai matarsa Balaraba, da ke tsaye a bayansa da kwanon fura, ta ce, "Kak ka biye mai, Malam. Kwana ukku bai runtsa ba, kuma bai ci komi ba." Haka na yi aiki shekara talatin da ɗaya. Ina gaida wanda ke kwance, amma kunnena yana wurin wanda ke tsaye a bayansa. Haka aka rene mu, mara lafiya ya gode wa Allah ya danne, mai jinya ya faɗi gaskiya. Mutum biyu ne ke kai ciwo ɗaya gaban likita.

Sirajo shi ne ɗana na fari. An haife shi a shekarar da aka ba mu Jihar Kebbi, har abokaina suna tsokanarsa da sa'an jiha. Ya gama kwalejin kimiyya da fasaha a nan Birnin Kebbi, kuma tun yana ƙarami hannunsa ke cikin injin ban ruwa. Duk fadamar da ke tsakanin Argungu da Ambursa, in inji ya ƙi tashi, shi ake nema. Yana da shekara ashirin da bakwai ya sami gurbin koyon gyaran manyan injinan noma a wani gareji cikin wani ƙaramin gari a Turkiyya, inda ba mai jin Turanci balle Hausa.

Yaron ya zo mini da shawara mai kyau. Ya ce akwai wani malami a Sakkwato da ya yi karatu can, yana son ya je ya zauna wurinsa wata uku ya koyi harshen kafin ya tashi. Ni na hana shi. Na kama hannunsa na kai shi kasuwar nan ta Birnin Kebbi, mai sayar da waya ya nuna mana wadda za ka yi mata Hausa ta mayar da Turkanci nan take. Na ce mata ina kwana, ta yi wani yare, muka yi ta dariya. Na ce masa ga tafinta nan a aljihunka, ba ya barci, ba ya gajiya, me za ka je ɓata wata uku a Sakkwato? Na ƙara da cewa ai ƙasar Musulmi ce, sallama ɗaya, alƙibla ɗaya. Ya ce to, Baba. Bai taɓa yi mini gardama ba, ranar ma bai yi ba.

Wata goma sha ɗaya ya yi. Duk Juma'a yana bugowa. Juma'ar ƙarshe ya ce mana cikinsa ya ɗan dame shi, amma ya je asibiti, da sauƙi. Da muka ajiye waya, mahaifiyarsa Laure, wadda ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, ta ce mini, "Malam, yaron ga ba shi da lahiya. Na ji ga muryatai." Na ce mata ta cika fargaba, ba ta ji abin da ya ce ba? Ni, da na ƙare rayuwata ina jin da sauƙi daga bakin mutanen da ke gab da mutuwa, ni ne na karɓi wannan kalma daga bakin ɗana, na tashi na tafi gona.

Ranar Talata saƙo ya shigo wayar ƙanwarsa Munira, tana cikin aji a nan Birnin Kebbi. Mai garejin ne ya rubuta, na'ura ta fassara. Layi biyu ne: ɗan'uwanki ya mutu, muna baƙin ciki. Ku iyayenmu kun san yadda muke kai labarin mutuwa. Ana tura dattawa, a yi sallama, a zauna, a ce jiki ya yi tsanani, a bar zuciya ta shirya. Dattijon kirki ne mai garejin, shi ya yi masa wanka ya tsaya har aka rufe shi, amma ba shi da bakin da zai yi mana haka. Yarinya 'yar shekara goma sha tara ita ta hau babur ta shiga mota zuwa Argungu da wannan labari a hannunta, ita ta tsaya gaban uwarta ta rasa ta inda za ta fara.

Bayan wata biyu kayansa suka iso: jaka ɗaya, sifanoni, da wayar. Munira ta buɗe ta, sai ga shi ashe tana ajiye duk abin da aka ba ta ta fassara. Na zauna a zaure na karanta rayuwar ɗana ta wata goma sha ɗaya daga farko har ƙarshe. Ina masallaci yake? Miƙo mini sifana. Don Allah maimaita. Ban gane ba. Na gode. Don Allah maimaita. Na yi ta ja ina neman inda ya yi hira da wani, inda ya yi wasa, inda ya ba wani labarin gulbinmu, ban samu ba. Magana ta waya tana da gajiyarwa: ka faɗa, a jira, a karanta, a amsa, a sake jira. Mutane suna yin ta don larura, ba mai zaman hira da ita. Yaron da ba a rufe ƙofar shagonsa a Argungu don yawan abokai, ya yi kusan shekara ba wanda ya san halinsa.

Sai na iso ranar asibiti. Likita ya tambaya, yaya ciwon? Sirajo ya ce, alhamdu lillahi, da sauƙi. Kana cin abinci? Ina taɓawa. Kana barci? Ba laifi. Aka ba shi magani ya koma. Bayan kwana biyu ya sake zuwa, ya sake faɗin haka. Afendis ne, jama'a. Ciwon da ni kaina na tura mutane da yawa aka yi musu aikinsa suka koma gona kafin girbi.

Ina so ku ji wannan da kyau, domin na ji ana cewa wayar ce ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Na sa malamin nan na Sakkwato, wanda na hana ɗana zuwa wurinsa, ya duba mini kalma bayan kalma, ya ce daidai ta fassara. Likitan ma ban ga laifinsa ba. Ya yi tambaya, an ba shi amsa, kuma a ƙasarsu mai ciwo shi ke faɗin ciwonsa. Wayar ta faɗi abin da Sirajo ya faɗa. Abin da ta kasa shi ne abin da Balaraba ta yi wa Arzika. Ba ta san bai ci ba, ba ta san bai runtsa ba, ba ta iya tsayawa a bayansa ta ce kada ku biye masa.

Abu na ƙarshe da ke cikinta ya rubuta shi ranar Litinin da ƙarfe tara na safe. Ya ce: don Allah ka yi haƙuri na dame ka, ina jin ciwo ƙwarai, ka taimake ni. An fassara shi tsaf. Mai garejin, wanda katanga ɗaya ta raba ɗakinsa da na Sirajo, ya rantse mana bai taɓa ganin wannan saƙo ba. Ko ƙarfi ne ya ƙare masa, ko nauyin damun mutumin da bai saba da shi ba ne ya hana shi nuna masa, Allah kaɗai ya sani. Na yarda da ƙaddara, na san kwanansa ne ya ƙare. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana ni sanin inda na yi sakaci ba.

Don haka ina da roƙo. Na farko gare ku ne, 'ya'yana. Ku tafi da wayoyinku, suna da amfani, za su nuna muku hanya su karanta muku takarda. Amma ku koyi harshen mutanen da za ku zauna cikinsu da bakinku, ko da gwaranci ne, ko da za a yi muku dariya. Wanda ya yi maka dariya yau shi zai gyara maka gobe, jibi kuma shi zai lura ba ka fito ba. Kuma in kun shiga gaban likita, ku ajiye kunyar gida a bakin ƙofa. Ku gode wa Allah a zuci, ku faɗi ciwo da baki.

Na biyu ga ƙungiya ne. Shugaba, kada a sake sa ɗanmu a jirgi sai an rubuta sunan mutum ɗaya a garin da zai sauka, mutum mai rai mai jin harshen wurin, wanda ya yarda zai raka shi asibiti ya tsaya a bayansa. In babu shi, a nemo shi kafin a sayi tikiti.

Mu kuma iyaye, in yaro ya ce da sauƙi, kada mu ajiye waya. Mu tambaye shi abin da ya ci yau, mu tambaye shi wa ya gan shi, mu ce ya ba mu wanda ke kusa. In uwarsa ta ce ta ji wani abu a muryarsa, mu saurare ta.

Saura magana ɗaya, kuma ita ta fi mini wuya. A takardar taron nan an rubuta ɗalibai goma sha huɗu, amma in kun ƙirga kujerun gaba, goma sha uku za ku gani da mutane. Ta goma sha huɗun Munira ce. Ta sami gurbin karatun aikin jinya, kuma a wannan ƙasa da ta riƙe mini ɗa. Wata takwas fasfonta yana cikin akwatina, na rantse ba za ta taka ko'ina ba. Ba ta yi mini gardama ba, kamar yadda wanta bai yi ba, kuma wannan shirun ne ya tsorata ni. Abin da ta yi kawai, duk Asabar tana shiga mota zuwa Sakkwato wurin malamin nan. Makon jiya na ji ta tana magana da mai garejin a waya, baki da baki, ba na'urar fassara a tsakani. Tsohon yana kuka, tana ba shi haƙuri da harshensa. Ya ce matarsa za ta tarbe ta a filin jirgi, kuma shi da kansa zai kai ta ta ga kabarin.

Munira, taso daga cikin iyayenki mata ki zo nan. Ga fasfonki. Na ɗauki kaffarar rantsuwata. Ki je ki gaida wanki, ki faɗa masa Baba yana roƙonsa ya yafe masa wata ukun nan da ya hana shi. Sharaɗina ɗaya ne: ranar da na bugo na ce yaya jiki, kada ki ce mini da sauƙi sai in da sauƙin.

Kuma tunda na ɗora miki wannan, bari in fara cika shi a kaina. Shekara huɗu ke nan mutanen zauren nan suna tare ni a masallaci da kasuwa suna cewa, Malam, yaya haƙuri? Ina cewa da godiya. Godiyar tana nan, ba ta gushe ba. Amma yau ba mai tsaya mini a baya, don haka zan faɗa da bakina: babu sauƙi, jama'a. Har yanzu duk Juma'a ina duba waya.

Allah ya jiƙan Sirajo, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan dukkan namu da ke kwance a ƙasashen da ba mu iya kai musu ziyara. Allah ya saka wa tsohon da ya wanke mini ɗa da alheri. Allah ya kai waɗannan yara lafiya, ya buɗe musu harshe, ya haɗa su da masu tsaya musu, ya dawo mana da su da ƙafafunsu. Allah ya albarkaci fadamunmu da gulbinmu, ya zaunar da Jihar Kebbi da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Shugaba, na wuce minti goma. Na gode.