Allurar da Aka Yi wa Leɓen Alheri

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni ce Rahila, matar Yohanna magini, a nan Ƙaura muke zaune.

Ɗiyata Alheri da tsagaggen leɓe aka haife ta. Ba ta iya kama nono, abin da ta sha sai ya dawo ta hanci. Na daina zuwa sujada, don na gaji da yadda mutane ke leƙa goyona su yi shiru.

Da ta yi ƙwari aka tura mu babban asibiti don a ɗinke leɓen. Maigidana yana aiki a Zurmi lokacin, hanya ba lafiya, waya ba ta shiga. Maƙwabciyata Inna Hassi, Bafulatana Musulma, ita ta bar sana'arta ta raka ni.

Kafin aikin, likita ya zaunar da ni. Ya ce akwai allurar da suke yi wa naman leɓe ya saki na ɗan lokaci, don kada kuka ya riƙa jan ɗinkin har tabo ya yi faɗi. Bai ɓoye mini ba, ya ce daga wani irin dafi ake haɗa ta, amma ɗan kaɗan ake sawa, kuma sai na yarda.

Dafi, a bakin jaririyata! Na ce a'a, na ɗauke ta na fita.

A gindin wata darbejiya na durƙusa da rana tsaka, na fashe da kuka. Na ce, "Yesu, ubanta ba ya nan, ni kuma tsoro ya cika ni. Kai ka yi ta, ka zaɓa mata."

Inna Hassi ta karɓi yarinyar ta tsaya har na gama. Daga nan na tashi. Na koma na yi wa likita duk tambayoyin da na ji tsoron yi, ya amsa, na ce a yi.

An yi aikin. Alheri ta yi kuka sosai, amma ɗinkin bai motsa ba. Yau tabon siriri ne kamar zare, sai ka matso kake ganinsa.

Na gode wa Yesu, na gode wa hannuwan da ya yi aiki da su. Duk wanda ke nan da abin da ya fi ƙarfinsa, ya kai wa Ubangiji, yana ji.

Alheri, taso ki gaida ikilisiya da bakinki.